KUƊIN GORO SHI NE MAFARIN ƘIYAYYA

Abin da ke biye jawabi ne da ɗaya daga cikin ma'aikatan wannan jarida ya gabatar a garin Madarumfa, gaban wani taron matasa, Kirista da Musulmi, waɗanda suka gayyace shi ya yi magana a kan neman zaman lafiya bisa ga koyarwar addinin Kirista. Mun buga shi kamar yadda ya fito daga bakinsa. Kamar kullum, fili a buɗe yake ga duk mai son mayar da martani.

Iyayenmu masu gari da masu unguwanni, malamai da fastoci, iyaye mata, ƴan uwana matasa, salama alaikum.

Ina godiya da wannan gayyata, kuma ina neman afuwar manya idan harshena ya zarce inda ya kamata, domin yaro ne ke magana a gaban iyayensa. Ni ɗan jarida ne, ba fasto ba, ban kuwa yi makarantar Littafi Mai Tsarki ba. Amma Kirista ne ni, Bahaushe, haifaffen wannan kwari na Gulbin Maraɗi. Kakana ne ya fara karɓar addinin Kirista a gidanmu, ƙannensa kuwa suka ci gaba da Musulunci har suka koma ga Mahaliccinsu. Saboda haka na tashi ina cin naman layya a gidan gwaggona, ƴaƴanta kuma suna cin shinkafar Kirsimeti a gidanmu. Idan na ce Musulmi ƴan uwana ne, jinin da ke jikina nake nufi.

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa sama da kashi 99 cikin 100 na ƴan Nijar Musulmi ne, Kirista kuwa ba su kai ko kashi 1 ba. Wani zai ce, to, me ɗan tsirarun mutane irin wannan za su faɗa a kan zaman lafiyar ƙasa? Amsata ita ce, akwai wani ciwo da muka ɗanɗana muka san zafinsa, kuma ciwon nan ne yake cin yankinmu a yau ta wata fuska dabam. Sunansa kuɗin goro: mutum ɗaya ya yi laifi, a ɗora wa dukan danginsa, ko ƙabilarsa, ko masu addininsa. A kan wannan kaɗai zan tsaya.

WUTA SAU UKU

A watan Nuwamba na 2000 aka yi bikin nunin tufafi na FIMA, karo na biyu, a Yamai. Wasu ƙungiyoyin addini suka ga abin ya saɓa wa tarbiyya, suka fito zanga-zanga a Yamai da Maraɗi. Wannan haƙƙinsu ne, kuma akwai Kirista da yawa da su ma bikin bai kwanta musu a rai ba. Amma a Maraɗi zanga-zangar ta rikiɗe, aka auka wa mashaya da gidajen matan da ake zargi da zaman kansu, daga nan aka nufi majami'ar Vie Abondante da harabar mishan ta SIM. Ina yaro a lokacin. Abin da ban manta ba shi ne wata maƙwabciyarmu, Musulma, da ta shigo gidanmu ba ko sallama, ta kama hannuna da na ƙanwata, ta kai mu ɗakinta ta zaunar da mu cikin ƴaƴanta har gari ya lafa. Tambayar da na yi wa mahaifina a daren nan ita ce: Baba, mu ne muka shirya bikin? Ya ce a'a. Na ce, to don me? Bai ba ni amsa ba.

Karo na biyu ya fi muni. A watan Janairu na 2015, bayan harin da aka kai wa jaridar Charlie Hebdo a birnin Paris, jaridar ta sake buga zanen ɓatanci ga Annabin Musulunci. Ina so ku ji daga bakina: wannan zane cin mutunci ne, kuma jaridar da ta yi shi ta sha yin irinsa ga Yesu Almasihu da mahaifiyarsa Maryamu. Ba jaridar Kirista ba ce, ta masu yi wa kowane addini ba'a ce. Duk da haka, ranar Juma'a 16 ga wata a Damagaram, da ranar Asabar 17 ga wata a Yamai, majami'u aka bi ana cinna wa wuta. Mutum 10 suka rasa rayukansu, kuma ƴan sanda sun ƙidaya majami'u 45 da aka ƙone a Yamai kaɗai. Shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadu Isufu, ya fito a wannan dare ya ce masu wannan aiki ba su fahimci Musulunci ba, aka kuma yi zaman makoki na kwana 3. Wani Bature a Faransa ya yi zane, aka ƙone bencin da tsohuwa Bahaushiya take zama a kai tana addu'a da Hausa. Kun ga kuɗin goro.

Karo na uku ya fi kusa da mu, kuma shi ya fi taɓa ni a matsayina na ɗan jarida. A watan Yuni na 2019 wani shirin dokar gwamnati a kan tafiyar da harkokin addini yana gaban majalisar dokoki. Wani sanannen limami a unguwar Zariya ta Maraɗi ya soki dokar a huɗubarsa, aka kama shi. A daren 15 ga wata, wayewar 16, masu fushi suka ƙone majami'ar Assemblées de Dieu ta wannan unguwa, tare da motar faston. Da aka sako limamin, ya fito fili ya nemi mabiyansa su daina ƙone-ƙone, ya kuma bayyana cewa waɗanda suka fassara masa takardar daga Faransanci zuwa Hausa su ne suka ɓatar da shi. Ina jinjina masa a kan wannan, domin ba kowane babba ne ke iya cewa na yi kuskure a gaban jama'a ba. Amma ku duba sarƙar: gwamnati ce ta rubuta doka, wani ɗan boko ya murɗe fassara, hukuma ta kama malami, majami'a ta ci wuta. A cikin waɗannan huɗu, majami'a ce kaɗai ba ta da hannu a cikin maganar.

MU MA HANNUNMU BA FARI BA NE

Idan na tsaya nan, na yi rabin gaskiya, kuma na yi wa Musulmi irin kuɗin goron da nake kuka da shi. Waɗanda suka ƙone majami'u ƴan kaɗan ne. Waɗanda suka ɓoye mu, suka ba mu ruwa, suka zo jaje washegari, su ma Musulmi ne, kuma sun fi yawa. Bugu da ƙari, inda Kirista suke da rinjaye, su ma sun aikata abin da ya fi wannan muni.

Ku tuna Yalwan Shandam, a jihar Filato ta Nijeriya. A watan Fabrairu na 2004 aka kashe Kirista da dama a garin, wasunsu a cikin majami'a. A farkon watan Mayu, mayaƙan ƙabilun da ke kewaye, masu amsa sunan Kirista, suka yi wa garin ƙawanya, suka kashe ɗaruruwan Musulmi, har da mata da yara. Bayan ƴan kwanaki aka rama a Kano a kan Kiristan da ba su taɓa taka Yalwa ba, har shugaba Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci a Filato. Kowane ɓangare ya ce ramuwa yake yi, kuma kowane ɓangare marasa laifi ya kashe.

Ku tuna Ruwanda a 1994, ƙasar da mafi yawan mutanenta Kirista ne. A cikin kwana 100 aka hallaka mutum wajen 800,000, akasarinsu Tutsi. An kashe dubbai a cikin majami'un da suka gudu suka fake, kuma kotun duniya da ta zauna a Arusha ta sami wani limamin Katolika, Athanase Seromba, da laifin kisan ƙare-dangi a 2006. Gidan rediyon RTLM ne ya share fage, yana kiran mutane kyankyasai dare da rana. Ita ma wannan kotu ta ɗaure shugabanninsa a 2003. A nan addinina da sana'ata duka biyu suka ji kunya. Shi ya sa ba na yarda Kirista ya tsaya yana cewa ƙiyayya cutar wasu ce. Baftisma ba rigakafinta ba ce.

ABIN DA LITTAFI MAI TSARKI YA KOYA MANA

Ba zan karanto muku ayoyi ba, zan dai ba ku labarinsu da bakina, wanda ya so ya je ya duba.

A Littafin Farawa, sura 18, an ba da labarin Ibrahim, kakan bangaskiyarmu duka, sa'ad da ya ji za a hallaka birnin Saduma. Mutanen birnin ba danginsa ba ne in ban da Lutu, kuma muguntarsu ba ɓoyayyiya ba ce. Amma Ibrahim ya tsaya yana roƙon Allah kada a haɗa mai gaskiya da mai laifi a hukunci ɗaya. Ya fara da mutum 50, yana ragewa yana ragewa har ya kai 10. Wato aikin mai bangaskiya shi ne ya nemo marasa laifi a cikin taron da kowa ya riga ya yanke wa hukunci. Annabi Ezekiyel kuma, a sura 18, ya kafa ƙa'ida cewa ɗa ba ya ɗaukar alhakin ubansa, uba ba ya ɗaukar na ɗansa. Malamai da ke nan sun fi ni sanin cewa Alƙur'ani mai girma ya kafa irin wannan ƙa'ida a wurare da dama. Ashe a kan haramcin kuɗin goro babu saɓani tsakaninmu.

A Bishara ta hannun Luka, sura 9, Yesu da almajiransa sun nemi masauki a wani ƙauyen Samariyawa, mutanen da ke gaba da Yahudawa a kan addini da asali. Ƙauyen ya hana su. Almajirai biyu, Yakubu da Yohanna, suka nemi izni su kira wuta daga sama ta cinye ƙauyen baki ɗaya. Yesu ya juya ya tsawata musu, suka wuce wani ƙauye. A sura ta gaba, da aka tambaye shi wane ne maƙwabci, sai ya ba da labarin mutumin da ƴan fashi suka yi wa jina-jina a hanya. Malaman addininsa biyu suka ratse suka wuce, wanda ya tsaya ya ɗaure masa raunuka ya biya masa kuɗin masauki kuwa Basamariye ne. Ku lura da hikimar: daga cikin mutanen da almajiransa suka so ƙonewa jiya ya zaɓo gwarzon labarinsa na yau.

A daren da aka kama shi, Bitrus ya zare takobi ya sare kunnen bawan babban firist. Yesu ya umarce shi ya mayar da takobin kube, ya kuma warkar da kunnen. A kan gicciye ma, gafara ya roƙa wa masu kashe shi. Wannan ne ya sa Kirista ba shi da hujjar ramuwa, ko da an ƙone masa majami'a sau goma. Wanda ya ɗauki ashana da sunan Yesu, ya bar Yesu a baya.

GAFARA BA TA SOKE SHARI'A

A nan akwai kuskuren da mu Kiristan Nijar muka daɗe muna yi. Saboda ƙarancinmu, mukan ɗauka zaman lafiya shi ne mu sunkuyar da kai, mu yi shiru, mu ce komai ya wuce. Sau da yawa abin da muke kira haƙuri tsoro ne kawai muka sa masa riga. Amma Bishara ta hannun Yohanna, sura 18, ta nuna cewa sa'ad da wani dogari ya mari Yesu a gaban shari'a, bai rama ba, bai kuwa yi shiru ba: ya nemi a nuna masa laifinsa, in kuwa babu, a gaya masa dalilin marin. Manzo Bulus ma, da aka yi masa bulala aka kulle shi a Filibi ba tare da shari'a ba, washegari mahukunta suka aiko a sake shi a ɓoye, ya ƙi fita sai da suka zo da kansu, domin shi ɗan ƙasa ne mai ƴanci.

Mu ma ƴan ƙasa ne. Tun 1924 masu bishara suka sauka Damagaram, bayan ƴan shekaru suka zo Tsibiri. Ikilisiyar EERN tun farkon samun mulkin kai take hannun ƴan ƙasa, kuma tun 2001 Maraɗi take da nata bishop na Katolika, wanda na farkonsu shi ne Ambroise Ouédraogo. Bayan babban taron ƙasa na 1991, an yi muhawara mai zafi a kan kalmar nan ta Faransanci, laïcité, wadda mutane da yawa suka fahimta a matsayin rashin addini. Aka ajiye kalmar, amma aka riƙe ma'anar cewa hukuma ta kowa ce, ba ta tilasta wa kowa addini. A kan wannan alkawari muke zaune. Gafara aikin zuciyata ne, tsakanina da Allah. Hukunta mai ƙone-ƙone aikin alƙali ne. In na yafe, na kuɓutar da kaina daga ƙiyayya. In alƙali ya yi aikinsa, ya kuɓutar da unguwar mai laifin daga zargi, domin an san wane ne ya yi, ba a ce su wane ne suka yi ba. Duk inda shari'a ta kasa kama mutum ɗaya, jama'a kan kama ƙabila guda.

YAU KAN WA AKE YIN KUƊIN GORO?

Yanzu na zo kan abin da ya kawo ni. Ku mutanen Madarumfa, da na Gabi, da Safo, da Sarkin Yamma, da Ɗan Isa, ba sai na gaya muku halin da aka shiga a shekarun nan ba. Ƴan bindiga sun riƙa ƙetaro iyaka, suna fakewa a dajin Baban Rafi, suna kore shanu, suna ɗauke mutane sai an biya kuɗin fansa. A 2019 dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka kwararo jihar Maraɗi, talakawa suka raba ɗan hatsinsu da su, kuma a watan Satumba na wannan shekara gwamnonin jihohin nan uku suka zo Maraɗi suka sa hannu a kan yarjejeniyar tsaro da gwamnanmu. Akwai waɗanda suka sayar da gona da shanun noma don su fanso ɗa ko mata. Ba na raina wannan ciwo ko kaɗan.

Amma ku saurari yadda muke magana a kasuwa, da tasha, da saƙonnin murya na WhatsApp. Mun daina cewa ɓarayi, mun koma cewa Fulani. Bafulatanin da kakansa ya yi kiwo a gefen tabkin nan, wanda matarsa ke kawo mana nono kowace safiya, ya zama abin zargi saboda kamanninsa da sandarsa. Alhali kowa ya sani shanun Fulani ne aka fara korewa, kuma kowa ya sani masu tsegunta wa ɓarayi gidan da ke da kuɗi, da masu sayar musu da mai da abinci, sau da yawa daga cikin ƙauyukanmu suke, da Hausa suke magana.

Mun ga inda wannan hanya take kaiwa. A Zamfara, da sata ta yi yawa, aka kafa ƴan sa-kai. Wasunsu suka shiga kama duk Bafulatanin da suka gani a kasuwa suna kashewa ba shari'a. Ƴaƴan waɗanda aka kashe suka shiga daji, ɓarayin suka sami sababbin mayaƙa da sabuwar hujja, wutar ta ninka. Kuma ba sai mun ƙetare iyaka ba. Ranar 30 ga Oktoba 1991, ana cikin babban taron ƙasa a Yamai, a Toda ta ƙasar Gidan Rumji, rigimar ɓarnar gona ta sa manoma suka taru suka auka wa Fulani, aka kashe sama da mutum 100, mafi yawansu mata da ƙananan yara. A jiharmu aka yi wannan, kuma waɗanda suka yi da waɗanda aka yi wa alƙiblarsu ɗaya. Ƙiyayya ba ta tambayar addini. In ta rasa Kirista, za ta nemi Bafulatani, in ta rasa shi za ta nemi ɗan wata ɗariƙa ko ɗan wata unguwa.

Saboda haka nake cewa ƴan uwana Kirista: mu da muka san zafin a kama mu da laifin wani Bature da ba mu taɓa gani ba, mu ya kamata mu fara buɗe baki idan ana kama Bafulatani da laifin ɓarawon da bai taɓa gani ba. In muka yi shiru don ba kanmu ake ba, mun zama malaman nan biyu da suka ratse suka wuce. Annabi Irmiya, a sura 29, ya rubuta wa mutanensa da ke ƴan tsiraru a Babila cewa su nemi alherin birnin da suke ciki, su yi masa addu'a, domin lafiyarsu tana ɗaure da tasa. In an faɗa wa baƙi haka, ina ga mu da aka binne cibiyarmu a nan?

AKWAI WAƊANDA SUKA NUNA HANYA

Kada ku ce abin da nake faɗa ya fi ƙarfin ɗan Adam. A Kaduna, Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa sun jagoranci ƙungiyoyin matasa masu gaba da juna. A rikicin 1992 Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da ƴan uwansa biyu. A 1995 aka haɗa su, suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai, kuma su ne suka shiga tsakani har mutanen Yalwan Shandam suka yi sulhu a 2005. Ranar 23 ga Yuni 2018, a ƙauyen Nghar na ƙasar Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekaru sama da 80, ya ɓoye Kirista 262 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi ba maharan hanya. A Bangi ta Afirka ta Tsakiya kuwa, sa'ad da aka juya kan Musulmi a ƙarshen 2013, Akbishop Dieudonné Nzapalainga ne ya sauki Imam Umar Kobine Layama a gidansa wata da watanni. Tun farkon Musulunci ma, sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha wurin sarki Kirista, Najashi, suka sami mafaka. Wannan bashi ne da muke bin juna, muna biya muna sake ci.

A nan gida, ga Danja a kan hanyar Ɗan Isa. Tun 1956 asibitin ke jinyar masu cutar kuturta, a zamanin da dangi ma kan guje su, kuma tun 2012 ake yi wa mata masu yoyon fitsari aiki a can. Marasa lafiya da ma'aikata, Musulmi da Kirista, shekara da shekaru suna cuɗanya a wuri ɗaya. Ga kuma sassabin zamani. A 1983 wani ma'aikacin mishan a Maraɗi, Tony Rinaudo, bayan ya gaji da dasa itatuwa suna mutuwa, ya lura cewa ƴan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara rassan kututture ne masu rai, saiwarsu tana nan a ƙarƙashin ƙasa. Ba a bukatar sabon dashe. A zaɓi reshe mai ƙarfi a gyara shi, a kare shi. Manoma Musulmi ne suka ɗauki dabarar suka yaɗa ta gona zuwa gona, har masu bincike suka ƙiyasta ta farfaɗo da filaye masu faɗin hekta miliyan 5 a ƙasar nan. Haka zumuncinmu yake. Ba daga waje za a kawo mana shi ba. Wasan taubasantaka da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Fulani da Arawa, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2014, da auratayya, da gayya, da jaje, da barka, duk saiwoyi ne masu rai. Aikinmu mu daina sare abin da ya toho.

ABIN DA NAKE ROƘO

Na farko, ga abokan sana'ata da duk wanda ya yi lakkol. Mu ne gada tsakanin Faransancin hukuma da Hausar jama'a, kuma a 2019 mun ga abin da karyayyar gada take haifarwa. Duk dokar da ta shafi addini, ko gona, ko kiwo, a fassara ta da Hausa da Fulatanci, a karanta ta a gidajen rediyo tun kafin a zartar da ita. Idan muna ba da labarin hari, mu faɗi abin da aka yi, da inda aka yi, da wanda aka kama. Ƙabilarsa ba ta ƙara wa labari komai sai guba.

Na biyu, ga matasa. Kafin ka tura saƙon murya, tambayi kanka: wa ya faɗa, yaushe, a ina, shi da idonsa ya gani? In ba ka da amsa, bar shi ya mutu a wayarka. Yatsa ɗaya yanzu yana yin aikin da gidan rediyo guda ya yi a Ruwanda.

Na uku, ga malamai da fastoci. Kada ranar tashin hankali ta zama ranar da za ku fara sanin juna. Ku san gidajen juna, ku riƙe lambar wayar juna, ku je suna da jana'izar juna. Kuma ku jawo arɗo da ruga cikin zamanku, domin taron zaman lafiyar da babu wanda ake zargi a cikinsa hira ce kawai.

Na huɗu, ga iyayenmu masu gari da mahukunta. Dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 ta tanadi kwamitocin kula da filaye. A raya su, a shata burtali da mashaya, a hana cinye su, a kimanta ɓarnar gona bisa gaskiya, a biya mai gona ba tare da an tatse makiyayi ba. Tun a Farawa sura 13, da makiyayan Ibrahim da na Lutu suka yi faɗa a kan makiyaya, raba fili aka yi cikin mutunci, babba ya bar ƙarami ya fara zaɓa.

Na biyar, ga ikilisiya. Mun sha rarrabuwa a tsakaninmu a kan shugabanci da dukiya, har ɗan uwa ya daina gaisawa da ɗan uwa. Wanda bai iya sulhu da na kusa da shi a benci ba, da wane baki zai yi wa gari wa'azin salama? Mu gyara gida, sa'an nan mu fita.

Ƴan uwa, garin nan an san shi da tabkinsa da kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi, mutane suna zuwa daga nesa neman albarka. Ina fata a san shi kuma da cewa gari ne da ba a kama mutum da laifin wani. Maƙwabciyarmu da ta ɓoye mu a 2000 ta rasu. Ba ta taɓa shiga taro irin wannan ba, ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba. Ta dai leƙo ta katanga ta ga yara biyu da ba su yi wa kowa komai ba. Duk lokacin da na ji ana cewa su wane duk halinsu ɗaya, ita nake tunawa, sai in ga ba ni da ikon yin shiru.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya kuɓutar da waɗanda ke hannun ƴan bindiga, ya ba mu damina mai albarka.